Igiyar da Idwal ya ƙi karɓa

Akwai wani tsoho a ƙauyenmu na bakin teku, nan arewacin Wales, ana ce masa Idwal. Kiwon tumaki ya yi tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi. Kofi bakwai ya ci a gasar karnukan kiwo, suna jere a kan kanta, kullum sai ya goge su.

Da matarsa ta rasu ya sayar da garken. Ba abin da ya rage masa a gida sai Mot, wani baƙin kare mai farin wuya, wanda marigayiyar ta raina da madarar kwalba tun idonsa bai buɗe ba. Tare suke cin abinci, tare suke jin rediyo. Kowace safiya kuma, ko ruwa ake ko ƙanƙara, sai sun bi hanyar kan duwatsu, inda ƙasa take yankewa tsaye, teku na dukan gindinta can ƙasa.

Hanyar nan ta ratsa makiyayar Nesta, ƙanwar matarsa. A tsakiyar sanyi tumakinta duk ciki gare su, kuma kowa ya san ƙa'ida: in za ka ratsa masu ciki, ka sa wa karenka igiya.

Wata safiyar Janairu, iska na tasowa daga teku kamar ta yanke kunne, ya tarar da Nesta a ƙofar shinge tana warware damin ciyawa.

Ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, ina igiyar?"

Ya ce, "Igiya ta karnukan 'yan birni ce. Mot da fito ake masa magana."

"Fito da wane haƙorin? Guda biyun da suka rage?"

"Su suka ci kofi bakwai, uwar iyayi."

Ta daina dariya. "Yaya, kunnen karen nan ya yi nauyi. Jiya sau uku na kira shi da ƙashi a hannuna, bai waiwayo ba."

"Ya san girkinki ne."

Ta zare shuɗiyar igiyar da aka ɗaure damin da ita, ta miƙa masa. "Ungo. Ta ciyawa ce, ba ta birni ba. Kwana tara ana ruwa, bakin dutsen nan ya yi laushi kamar burodi a shayi."

Gaskiya ta faɗa, kuma Idwal ya sani. A gida sai ya buga ƙafa a ƙasa kafin Mot ya ɗago kai. Amma a ganinsa in ya karɓi igiyar nan ya yarda ke nan su biyun sun ƙare. Ya zura hannuwa cikin aljihu.

Ya ce, "Ajiye, kya ɗaure bakinki da ita."

Ta cusa ta a aljihun rigar sanyinta. Ya wuce.

Suna hawa tudu Mot ya hango tumakin a warwatse kusa da bakin dutse. Bai kai musu hari ba, kada ku zarge shi. Abin da aka koya masa shekara goma sha ɗaya ya yi: ya kwasa da gudu, ya yi kewaye mai faɗi don ya shiga bayansu ya koro su wajen maigidansa. Bayansu kuwa nan ne ƙasa ta ƙare.

Idwal ya sa yatsu a baki ya yi fiton tsayawa. Iska ta dawo masa da abinsa. Ya sake. Ya kira sunan karen har muryarsa ta dushe.

Sai ga tumakin sun nufo shi a dunƙule, ba wadda ta ɓalle, irin korar da ake ba da kofi a kanta. Suka tsaya a gabansa suna haki. Ya duba bayansu, ba Mot. Can bakin dutse wani yanki na ciyawa ya zame, jar ƙasa a waje.

Sai da ruwan teku ya janye da la'asar suka iya zagayawa ta ƙasa, shi da Nesta. Tsakanin duwatsu suka sami gawar Mot. Idwal ya tuɓe rigarsa a cikin wannan sanyi ya naɗe shi, iska na ta buɗe rigar. Ya laluba aljihun wandonsa, ba abin ɗauri.

Nesta ta ciro shuɗiyar igiyar. Ta miƙa masa. Wannan karon ya karɓa.

A cikin wancan makon tumakinta biyu suka yi ɓari saboda gudun da suka sha. Har yau ba ta ɗaga masa maganar ba, miya ma take kai masa duk Lahadi. Shi kuwa bai sake bin hanyar kan duwatsu ba. Na leƙa shi kwanan baya, kofunan nan bakwai sun yi ƙura.

Darasi: 'Ya'yana, gwanintar jiya ba ta riƙe kare yau. In ƙaraminka ya miƙo maka igiya, karɓi, tsufa ba abin kunya ba ne. Girman kai ba a kan mai shi yake fara faɗuwa ba, a kan wanda ya amince da shi ne. Ku tura wa mai taurin kan gidanku, na san kowa yana da ɗaya.