Gaisuwar da Aziza Ta Haɗiye

Akwai wata budurwa a Matameye mai suna Aziza, wadda ta samu aiki a farmasin Hajiya Najaha. Yarinya ce mai faran-faran, irin waɗanda ko akuyarka ce ta yi tari sai sun zo dubiya.

Ranar da ta fara, Hajiya ta kafa mata doka: "Abin da kika gani a kan teburin nan, ba a gaisuwa da shi a waje. Manu da kika gaje shi bakinsa ne ya kore shi."

Cikin masu zuwa farmasin akwai Jannatu, mai waina a bakin tasha. Duk wata takan zo ta sayi maganin farfaɗiya, ta ƙulle a gefen zane, ta fita tana waige-waige. Wani zuwan har da ƙuna a hannu, ciwon ya kayar da ita kusa da murhu.

Ana nan sai Aziza da Jannatu suka haɗu a gidan suna a Dungu, tsakar gida cike da mata.  A tarbiyyar gidan su Aziza, ka san mutum ba lafiya ka ƙi ce masa ya jiki, wulaƙanci ne. In kuma ta tambaya, matan nan sai sun ji wane ciwo ne. Ga aikinta, wanda da shi take riƙe da mahaifiyarta.

Ta durƙusa gaban Jannatu, gaisuwar na bakinta, ta haɗiye. Ta ce ina wuni, ya kasuwa, ta tashi. Jannatu ta amsa a daƙile, ko kallonta ba ta yi ba.

Aziza ta kasa cin tuwon sunan. Ta tabbata matar ta ƙullace ta.

Washegari sai ga Jannatu a farmasi, ta ce Hajiya take nema. Aziza ta ɗauka ƙararta aka kawo, har ta zubar da kwalin magani garin kiran Hajiya.

Jannatu ta ce, "Hajiya, jiya da na hango yarinyar nan na ɗauka asirina ya tonu. Rabin matan gidan masu sayen wainata ne, kuma kin san mutanenmu, gani suke ana ɗaukar ciwon nan a abinci. Da ta ce ya jiki, da na kife tandata. Daga yau ita nake so ta riƙa ba ni magani."

Sannan ta juyo ta kama hannun Aziza. "Yanzu babu kowa, 'yata. Tambaye ni."

Aziza ta ce, "Ya jiki, Inna?" Hawaye suka zubo mata.

Darasi: Sirrin da ka gani a wurin aiki amana ne, ko da niyyar alheri kada ka fita da shi. Ku tura wa duk wanda asirin mutane ke bi ta hannunsa.