Ranar Da Gafiya Ta Saci Rabonta

Dalilin da ya sa rabin wutsiyar gafiya ya yi fari, yara, ba furfura ba ce. Ku matso ku ji.

A da wutsiyarta baƙa ce har ƙarshe, kuma duk dajin babu mai hatsinta. Idan damina ta yi nisa, abincin talakawa ya ƙare, sai su bar gonakinsu su je su yi mata noma don mudun gero. Gonarta ta yi kyau, nasu ciyawa ta cinye, baɗi a sake. Ita albarka take kiran wannan.

Wata shekara dabbobi suka yi taro suka yanke a gina rumbun jama'a. Mai yawa ya zuba da yawa, mai kaɗan ya zuba kaɗan, wanda yunwa ta kama ya zo ya karɓa. Aka ba Bushiya riƙon rumbun, tunda ba a cika son taɓa ta ba.

Gafiya ta miƙe ta ce, "Rumbun malalata ke nan. Ranar da kuka ga na ci daga cikinsa, ku yanke mini wutsiya."

Ta dai riƙa zubawa, tana zaɓen zangarniyar da tsuntsaye suka riga suka gaisa da ita.

Malalata kam an samu biyu ko uku, ba a rasa nono a ruga. Sauran kuwa suka tsaya a gonakinsu, suka girbe har da rara, suka fara sayen gishiri da gyaɗa a wurin Gafiya. Gafiya ta ƙara ƙiba, amma ba ta taɓa tambayar kanta daga ina ba.

A damina ta huɗu ruwa ya shiga raminta, hatsinta duk ya ruɓe. Ta kwana uku tana gaya wa maƙwabta azumi take. A rana ta huɗu, da hantsi, kowa yana gona, ta zagaya bayan rumbun ta haƙa rami ta shiga. Ta cika kumatunta da gero. Garin sauri, wutsiyarta ta faɗa ƙwaryar garin da aka daka don kunun yara, ta ja farin layi tun daga rumbu har ƙofar gidanta.

Ba ta gama zama ba ta ji sallama. Bushiya ce, da kwando a ka.

"Gwaggo, ashe kin zo ba ki same ni ba. Kin tafi kin bar rabonki."

Bakin Gafiya a cike yake da gero, sai Bushiya ta ci gaba.

"Abin da kika ɗauka bai kai rabin abin da ya kamata a ba ki ba. Ramin da kika haƙa ma ba sai kin wahala ba, ƙofar rumbun ba ta da makulli."

Gafiya ta haɗiye da ƙyar, ta juya mata wutsiya ta ce, "Ga ta. Yanke."

Bushiya ta duba, ta ce, "Mu yi me da ita, Gwaggo? Ba a miya da ita." Ta ajiye kwandon ta tafi.

Da an yanke, da ya fi mata sauƙi. Ta wanke wutsiyar da toka, ta wanke da yashi, farin ya ƙi fita.

Shi ya sa har yau gafiya take yawo da farar wutsiya da kumatu a cike, kuma ba ta yarda ku haɗu da rana. Babu wanda ya taɓa yi mata gori. Ita ce dai ba ta manta ba.