Dalilin da Ya Sa Jaki Yake Riga Doki Shan Ruwa a Tudun Marke

Dalilin da ya sa a Tudun Marke jaki yake riga doki sa baki a komin ruwa, ba wai mutanen garin ba su san darajar doki ba ne. Sun sani sarai. Ku dai gyara zama, yara, ku ji yadda aka yi.

A da can, Tudun Marke kamar ko'ina take. In an jawo ruwa a babbar rijiyar gari, dawakai ke fara sha, sai shanu, sai awaki, sannan jaki ya zo ya tsotsi laka. Mai kiwon jakan garin wani dattijo ne, Jatau, gajere, mai ƙaramar murya, wanda ko a taron suna ba a neman shawararsa. Jakai arba'in yake korawa, cikinsu har da wata tsohuwar jaka, Akaza, wadda duk inda ta sa kai sauran suke bi. Kullum la'asar Jatau yakan dama dusa da kanwa a wani tsohon turmi, ya bubbuga gefensa da taɓarya. Da jakan sun ji, ko suna ina, sai gida.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, mahara suka afko da dawakai ɗari uku, shugabansu wani ƙato mai suna Ɓaleri. Aka yi maza aka rufe ƙofofin ganuwa, mutane suka tsira, amma jakan suna bakin daji suna kiwo, aka kwashe su kakaf. Mahara suka kafa sansani, suka zauna jiran yunwa ta buɗe musu ƙofa. Kafin a yi kwana ashirin, rumbunan gari sun fara nuna gindi.

Maigari Shekarau ya tara manya a gindin marke, ya ce, "Kafin mu taɓa mutanen nan, ku gaya mini, ina ƙarfinsu yake?"

Barmo, Sarkin Yaƙi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfinsu Ɓaleri ne. A sare kan maciji, sauran igiya ce."

Sarkin Baka ya ce a'a, dawakai ne. Wani ya ce layu ne, don an ce ƙarfe ba ya cin su. Aka yi ta ja-in-ja, kowa yana ganin ƙarfin abokin gaba a wurin da nasa makamin zai kai. Daga ƙarshe maganar Barmo ta rinjaya: nan da kwana uku, duk samarin gari su fita da ƙafa, su nufi bukkar Ɓaleri.

Jatau yana gefe yana ji. Kowa ya san mai ƙafa a fili gaban mai doki nama ne. Cikin samarin kuwa akwai Korau, ɗansa ƙwaya ɗaya, wanda ko sati biyu ba a yi da sunan 'yarsa ba.

To, shi Jatau tun da aka rufe gari kullum yana bisa ganuwa. Kun san abin da yake kallo? Ba masu ba, ba takubba ba. Jakansa yake leƙe, yana share hawaye. Don haka ya ga abin da jarumai ba su gani ba.

Ya matso, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ko za a bar ni in tofa albarkacin bakina?"

Barmo ya ce, "Baba Jatau, maganar yaƙi ake yi, ba ta dusa ba." Aka kwashe da dariya.

Maigari ya ɗaga hannu. "Ku bar shi. Faɗi, Jatau."

"Ranka ya daɗe, dawakan nan ɗari uku, me suke sha?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Rijiya tana cikin gari. Gulbi kuwa tafiyar rabin yini ce. Kullum da asuba ana kora jakaina can, la'asar su dawo da salkuna cike da ruwa, su wuce ta gaban ƙofar arewa. Mutum uku kacal ke bin su, don ba jarumin da zai yarda a ce masa mai jaki. Ɓaleri a kan doki yake tsaye, gaskiya ne. Amma dokin, a kan bayan jakina yake tsaye."

Barmo ya shafa gemu. Ba wawa ba ne, girman kai ne kawai ya yi masa yawa. Ya ce, "To sai mu harbe jakan."

"Subhanallahi!" in ji Jatau. "Kada a taɓa mini ko ɗaya. A ba ni turmina, da masu ƙarfin buɗe ƙofa."

La'asar na yi aka ɗora turmi bisa ganuwar arewa. Can sai ga ƙura, ga jakai sun jero, sun rame, bayansu duk miki. Jatau ya ɗaga taɓarya. Kwana ashirin ba su ji wannan sauti ba, sun sha sanda, wa ya sani ko sun manta? In sun manta, Korau ya tafi ke nan.

Ya buga. Ya sake bugawa.

Jakai suka ci gaba da tafiya kamar ba su ji ba. Wani daga baya ya yi tsaki. Jatau ya ƙara bugawa da iyakar ƙarfinsa, har kafaɗarsa ta amsa. Sai Akaza ta tsaya cak. Ta miƙe kunnuwa. Ta ɓarke da kuka irin wanda yake hana liman karatu, ta juya, ta zabura ta nufo ƙofa, saura suka rufa mata baya. Masu korar suka bi da sanduna, ɗaya har ya kama wutsiya aka ja shi a ƙasa, ɗaya ya saki kibiya ta sami Akaza a cinya. Ba ta tsaya ba. Aka wangale ƙofa, arba'in ɗin suka shige da ruwan mahara a bayansu, aka mayar aka rufe.

Washegari dawakan sansani suka yini suna haƙar ƙasa da kofato. Rana ta biyu Ɓaleri ya ce a ɗora wa dawakai salkuna. Ina! Dokin yaƙi bai san wannan aiki ba, wanda ya yarda ya ɗauka kuwa, kafin ya dawo ƙishinsa ya fi abin da ya kawo. Rana ta uku da hantsi samari suka taru a bakin ƙofa, iyaye mata na kuka, Korau yana riƙe da mashinsa. Sai mai tsaron ganuwa ya ƙwala ihu: "Sun tafi! Wallahi sun tafi!" Ba kowa a sansani sai toka da karmami.

Jatau ya zube a ƙasa yana godiya ga Allah, ya riƙe ƙafar ɗansa kamar wani zai ƙwace masa shi. Farin cikin da ya ji ranar, bai taɓa jin irinsa ba.

Maigari ya kira shi gaban jama'a a bakin rijiya. "Jatau, yau ba gidan da aka yi makoki, kuma kai ne sanadi. Faɗi abin da kake so. Doki? Riga? Gona?"

Daidai lokacin an cika komi, dokin Barmo ya matso zai sha. Akaza tana gefe tana ɗingishi, tana jira kamar yadda ta saba.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni turmi kawai na buga. Ga wadda ta sha kibiyar can. Shekara talatin ina tsaye a nan ina kallon su suna shan laka. In da hali, yau ɗaya dai, a bar ta ta sha mai kyau."

Kafin Maigari ya buɗe baki, Barmo da kansa ya kama linzamin dokinsa ya ja shi baya. Ya ce, "Yau ɗaya, Baba? Ai ɗana ma yana cikin masu fita." Ya tsaya riƙe da doki har Akaza ta sha ta ƙoshi, saura talatin da tara suka sha.

Shi ya sa har yau, in ka je rijiyar Tudun Marke, za ka tarar da mai doki tsaye a rana, ko ɗan Maigari ne, yana jiran jakin mai itace ya ɗaga kai. In baƙo ya yi dariya, sai su ce masa, "Yi dariyarka, ɗan'uwa. Mu da ba don shi ba, da ba a haife mu ba."