Giya Huɗu Baya, Ɗaya Gaba

Shekarar da kogi ya cika tun ba a gama kwashe shinkafar rani ba, Malam Nomau direba yana da buhu casa'in a jibge a fadamar Tsamiya Uku, kilomita shida daga gari. Abincin gidansa ne na shekara, gida mai baki talatin da ɗaya. Hanyar fadamar jinga ce siririya, ruwa dama ruwa hagu, a tsakiyarta kuma akwai wani kwari da ya riga ya zama taɓo. Masu manyan motoci suka zo suka duba, suka juya. Aka gwada amalanke, shanu suka wuni kafin su fito da buhu uku. Masunta suka ce nan da kwana biyar ruwa zai hau jingar.

Malam Nomau ya shekara arba'in yana tuƙi kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu haske da inuwa kaɗai yake gani. A ƙofar gidansa akwai tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda ya saya shekarar da aka haifa masa ɗan fari. Injinta na fetur ya buga tun shekara huɗu, kayan gyaransa kuma sun ɓace a kasuwa. Kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashin kujerarta.

Bayan sallar azahar, a gaban liman da maƙwabta, ya kira 'ya'yansa uku: Sallau babba, manomi mai shanun huɗa, Bawa, mai walda a bakin tasha, da Jibo, direban tifa. Ya ce da su, "Duk wanda ya fito min da shinkafar nan da motar nan, na ba shi motar." Daga baya shi kansa ya kasa tantance ko da gaske yake ko takaici ne ya yi magana da bakinsa. Amma mutane sun ji. Motar kuwa, ko a mace, babu ɗa a gidan da bai taso yana sonta ba.

Sallau bai san kan inji ba, amma yana cin kasuwanni, ya san abin da ke bayan gidan kowa. Bawa ya riga ya ce ko an samu injin fetur ba zai yi ba, domin da ruwa ya taɓa fulogi zai mutu. Sai dai injin gas, wanda ba shi da fulogi. Sallau ya tuna da wani mai yankan katako a ƙauyen gaba, wanda ya ajiye injin wata ƙaramar lori da ta taɓa faɗuwa. Washegari ya same shi tun da sassafe. Mutumin ya ce inji ba na sayarwa ba ne, sai dai musaya, kuma bijiman nan biyu da ya gani a amalanke su yake so. Sallau shi ya yi kiwonsu tun suna maruƙa, damina kuma saura mako biyu. Ya daɗe a tsaye hannunsa bisa tozon ɗayansu, sannan ya ce a ɗora injin. Bijiman ne suka jawo shi har ƙofar gida. Aka sauke, mai katako ya kwance su ya kaɗa su gaba, Sallau kuwa ya shige cikin gida bai tsaya kallo ba.

Bawa ya yi kwana uku a ƙarƙashin motar, daga asuba zuwa magariba. Sabon injin ya fi tsohon tsawo da taƙi guda, ya kuma fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ya yanke tsohuwar kujerar inji ya ƙera wata. Ya samo faranti mai kauri, ya huda masa rami takwas, ya haɗa injin da giyabos ɗin motar, abin da kanikawan tasha biyu suka rantse ba zai yiwu ba. Ya tura lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, gaba har bonet ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya. Idanunsa suka yi ja saboda wutar walda, tartsatsi ya ɗiɗɗige masa hannu. A rana ta uku ya hau keke ya je kwarin, ya auna zurfin taɓon da kara, ya dawo ya auna nisan cikin motar daga ƙasa da karan, ya ga za ta zauna a kan cikinta. Dole a ɗaga ta. Aksul ɗin baya, wato ƙarfen nan mai tulu a tsakiya da ke juya tayoyi, a bisa sifirin, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota, yake zaune. In ya koma ƙarƙashi, mota ta tashi. Maimakon ya yanke mazaunansa ya sake ƙera wasu, sai ya ga hanya mai sauƙi: ya kife aksul ɗin, cikinsa ya kalli sama, ɓangaren dama ya koma hagu, ya bi ko'ina da walda ya liƙe. Gaban kuma ya yi masa ƙari da guntayen ƙarfe. Motar ta miƙe tsaye kamar ta ƙara shekarun ƙuruciya. Duk wanda ya wuce sai ya yaba.

Da safiyar rana ta biyar a lissafin masunta, Malam Nomau ya ce a zaunar da shi a gaba. Bawa ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, da wata irin ƙara mai nauyi da tsohon bai taɓa ji a motarsa ba, da warin hayaƙin da ba nata ba. Bawa ya sa giya, ya saki kuloci. Malam Nomau yana jiran bayansa ya mannu da kujera, sai ya ji ƙirjinsa ya yi gaba. Can baya wani abu ya rushe, kaji suka tashi da kuka.

"Kai Bawa, ribas ka sa."

"Wallahi Baba, giya ɗaya ce."

"To sa biyu mu ji."

Biyu ma baya ta yi, har ta fi sauri. Uku da huɗu duk haka. Da aka sa ribas, sai ga ta tana tafiya gaba, a hankali, kamar mai raka gawa.

Jama'a suka yanyame ta. Wani ya ce ai injin daga ƙasar da ake tuƙi a ɗaya hannun ya fito, shi ya sa. Wani ya ce motar da ta shekara huɗu a ajiye ba a rasa masu kwana a cikinta, kamata ya yi a yi mata hayaƙi kafin a taɓa ta. Aka juya ga liman, ya ce shi mota ba fanninsa ba ne. Bawa ya sake kwanciya a ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito ya ce laifinsa ne: da ya kife aksul, haƙoran cikin tulun suka koma ɗaya gefen, tayoyi suka juya akasin yadda suke. Gyaran wuni guda ne cur, domin babu inda bai liƙe ba. Yana cikin bayani wani masunci ya iso ya ce ruwa ya kai leɓen jinga, ba zai wuce la'asar ba. Tafiyar ribas kuwa ba za ta kai sawu biyu ba, kuma kwarin ba ya ƙetaruwa sai da gudu.

Jibo bai taɓa ko sifana ba a kwanakin nan huɗu. Yana zaune a benci yana shan shayi yana kallo, yayyensa suna jin haushinsa. Amma shekara goma sha biyar ya yi yana gangara tifa da baya zuwa bakin kogi ɗibar yashi, a kan hanyoyin da ba su fi faɗin tifar ba. Ya ajiye kofi, ya karɓi guduma, ya cire ƙofar direba ya jingine ta da bango. Ya zauna rabin jikinsa a waje, hannun hagu riƙe da ƙarfen rufi, na dama a sitiyari, fuskarsa tana kallon baya. Babu hannun da ya rage na giya.

"Baba, kai za ka riƙe min giya. Kunnenka ai bai yi yana ba."

Haka suka fita daga gari. Malam Nomau yana sauraron injin yana canza giya, hannunsa bai manta ko ɗaya ba. Sauran jikinsa ne ya rikice. Hanyar nan ya san ta da ƙugunsa, kowane rami da kowace kwana, amma yau ramin sai ya fara dukan bayan mota kafin ya zo ƙarƙashinsa, rana kuma tana dukan kuncin da bai kamata ba. Da suka kusa tsamiyar farko ya ce a kama dama.

"Damarka ko damar hanya, Baba?"

Tsohon ya gane yau damarsa ita ce hagun hanya. Bai ƙara nuna hanya ba.

Mutanen da ke bakin jinga su ma suka rasa ta cewa. Mota ta doso su da gindi, goshinta yana kallon gari, sai wasu su ce a dawo lafiya, wasu su ce sannu da zuwa. Wata tsohuwa mai tallan fura ta ce ita dai ta ga motar Nomau tana ta barin gari tun safe, amma buhuna sai ƙaruwa suke a ƙofar gidansa. Sallau da Bawa suna fadama suna lodi tare da 'yan ɗauka, buhu sha biyar kowane sawu. Lodin yakan tare wa Jibo rabin hanya, sai ya ƙara leƙowa har kafaɗarsa tana shafar ciyawa. A kwarin yakan ce, "Uku, Baba," motar ta faɗa taɓo tana wutsil-wutsil, cikinta yana shafar saman laka da kyar, ta fita.

A sawu na shida ruwa ya riga ya rufe jingar. Babu hanya, sai layin kawunan ciyawa biyu, Jibo ya bi tsakaninsu. A kwarin ruwa ya shigo ta inda aka cire ƙofa, ya rufe wa Malam Nomau idon sawu. Shekara arba'in sun koya masa cewa a nan inji yake mutuwa. Ya riƙe giya, ya yi salati, yana jiran shirun. Shirun bai zo ba. Ana kiran la'asar suka tsaya a ƙofar gida da buhu na casa'in, ban da ukun da shanu suka fitar, waɗanda har yau ba a daidaita ba ko a cikin casa'in ɗin suke.

Aka sauke kaya, aka taru inda aka yi alkawari. Malam Nomau bai fito daga motar ba.

Sallau ya ce da babu injinsa, da motar tana nan kaji suna ƙwai a cikinta; kuma injinsa ne ya ƙi mutuwa a ruwa. Shi kaɗai ne kuma zai shiga damina ba shanu.

Bawa ya ce inji a ƙasa ƙarfe ne kawai, mai katako ya shekara uku yana zama a kansa yana cin goro. Aka tuna masa da kuskurensa. Bai musa ba, ya dai ce a tambayi direba. Jibo ya yarda cewa da ba a ɗaga motar ba, da tun sawun farko ta zauna a kwarin.

Jibo, wanda wuyansa ya sandare har sai ya ba mutane baya kafin ya iya kallonsu, ya ce maganar Baba a fili take: wanda ya fito da shinkafa. Shi ya fito da ita, kuma babu wani a garin da zai iya. Sallau ya ce haka ne, amma da Bawa bai kife aksul ba, da ko shi Sallau zai tuƙa ta. Ashe gwanintar Jibo kuskuren Bawa ne ya haife ta. Bawa ya ce to in haka ne a ba shi ladan kuskuren. Sallau ya ce ba a taɓa ba mutum mota don ya yi kuskure ba. Liman ya gyara zama, ya ce maganar ta mai mota ce.

Malam Nomau yana jin su duka, kowa ya yi magana sai ya ga gaskiyarsa, har na gaba ya karɓa. Ya shafa kujerar, tasa ce. Ya shafa giyar, tasa ce. Ƙarar da warin da tsayin da inda take dosa, babu nasa ko ɗaya. Ya miƙa hannu ya murɗa makulli don ya kashe ta ya samu ya yi tunani, ya zare shi. Injin ya ci gaba da bugawa abinsa, domin irin wannan injin ba makulli ke kashe shi ba, sai an ja wata waya da Bawa ya ɗaura a ƙarƙashin sitiyari, bai kuma gaya wa kowa ba. Tsohon ya zauna da makulli a tafin hannu, mota tana girgiza shi, inuwa uku a tsaye a bakin taga.

To, ku da kuke da idanu: a hannun wa zai sa makullin nan, Sallau, Bawa, ko Jibo?