Barandar Gwaggo Tabawa

Ku gyara zama ku ji, amma ku sani har yau in na tuna labarin nan zuciyata tafasa take yi.

A tsakiyar Ikko akwai wani tsohon bene da wani falken goro ya gina tun kafin Turawa su ci Kano. Shingen barandarsa na zubin ƙarfe ne mai adon ganyaye da furanni, a jirgin ruwa aka kawo shi. Jikar falken, Gwaggo Tabawa, a gidan ta tsufa har ta makance. Kullum da hantsi sai ta lallaɓa ta fito, ta dafa furannin nan tana sauraron hayaniyar kasuwa. Iyakar duniyarta ke nan.

Ran da aka kwantar da ita a asibiti, ɗan ƙaninta Sallau, marar mutunci, ya ɓalle ƙarfen ya sayar wa 'yan gwangwan. Gida cike da manya, amma aka rasa mai gaya wa makauniya! Ta dawo ta fito kamar kullum, ta miƙa hannu ta ji wayam. Da gefen zane aka fizgo ta. Aka kulle ta a ɗaki don kada ta faɗo, ita kuwa ta daina cin abinci. Ta ce, "Duk wanda ya dawo mini da ƙarfen kakana, saman benen nan nasa ne."

Jikokinta uku suka tashi. Ilu direba ya ajiye mota, ya bi zangon 'yan gwangwan lungu-lungu har aka kore shi daga aiki, amma ya gano inda ƙarfen yake.

Lantana mai tuwo ta isa ana cikin farfasa shi za a kai narkarwa. Ta kwanta a kai ta ce, "Sai dai ku haɗa da ni, azzalumai!" Sai da guduma ta karya mata hannu suka tsorata suka sakar mata.

Ƙarfen kuwa ya riga ya tsattsage, masu walda duk suka ce zubi ba ya gyaruwa. Gambo maƙeri ya gasa, ya haɗa, ya mayar da shi mazauninsa. Tartsatsi ya cinye masa ido guda.

Gwaggo ta shafa furanninta, ta yi dariya, ta ci tuwo. Ba a daɗe ba sai ta cika, ba ta ambaci sunan kowa ba. Yau ukun nan ko gaisawa ba sa yi, kowa ya danna kwaɗonsa a ƙofar bene. Sallau kuwa yana yawonsa, ba wanda ya ce masa kanzil. Tir!

To, ku raba mini gardama: da wanda ya rasa aiki, da wadda aka karya wa hannu, da wanda ya rasa ido, wa za a buɗe wa ƙofar nan?