Jatau da Ƙaton Karensa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani manomi marowaci, Jatau, mai rumbu bakwai. Ko sallama aka yi masa, sai gabansa ya faɗi, don ya san za a sha masa ruwa. Yana da wani ɗan kare ramamme, Dunƙule, mai kaɗa wa kowa wutsiya. Wannan hali na ƙona wa Jatau rai.

Wata rana ya ja karen zuwa daji. Ya sami Ɓauna ya ce, "Ranki ya daɗe, ki sam wa karena ƙirji." Ɓauna ta ba shi.

Dunƙule ya ce, "Maigida, jikina ya cika. Sai an cire wani abu."

Jatau ya ce, "Cire wasa." Aka cire wasa, ƙirji ya shiga.

Ya sami Kura ya ce, "Ki sam wa karena muƙamuƙi." Kura ta ba shi.

"Maigida, jikina ya cika."

"Cire kwaɗayi, kada wani ya saye ka da ƙashi." Aka cire kwaɗayi.

Ya sami Zaki ya ce, "Manyan dawa, ka sam wa karena geza da murya." Zaki ya ba shi.

"Maigida, saura abu ɗaya a jikina, sanin fuskar mutane."

Jatau ya yi dariya. "Shi ne ma ya lalata ka. Cire!"

Suka dawo gida da kare kamar ɗan maraƙi, wuya cike da gashi, baki baƙi ƙirin, leɓe na reto. Jatau ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Kada ka bar kowa ya shigo. Kowa!"

Maƙwabci ya zo aron fartanya, ya koma ba takalmi. Surukar Jatau ta zo gaisuwa, ta koma ba ɗankwali. Jatau ya ce bai taɓa jin daɗin duniya irin na ranar ba.

Washegari ya tafi gona. Da azahar ya dawo, yunwa na cin sa, ƙamshin miyar matarsa Tabawa har bakin titi. Kare ya miƙe.

"Wane ne?"

"Ni ne maigida."

"Ban san ka ba."

Jatau ya tafa hannu, ya yi fito. Kare ya ce, "Ba na wasa." Jatau ya ruga ya sayo tsire ya miƙa masa. Kare ya ce, "Ba na kwaɗayi." Ya sa ƙafa a zaure, kare ya yi ruri, Jatau ya tsinci kansa a kan tsamiya.

Daga can ya ƙwala kira, "Tabawa! Gaya masa ni ne!"

Tabawa ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Malam, da kunnena na ji ka ce kowa. Ni wace ce da zan karya maganar mijina?" Ta koma ta zuba wa kare tuwon maigida.

Kwana uku Jatau na bin gidajen maƙwabta yana sallama, suna ba shi fura suna tambayar lafiyar kare.

Daga Dunƙule manyan karnukan gadi suka samo asali. In kun ga ɗayansu kwance a ƙofa, goshi a yamutse, yana ƙare wa mai wucewa kallo, ba fushi yake yi ba. Tunani yake ko wannan ne maigidan.

Ku dai in za ku rufe ƙofa, ku duba ta wane gefe kuke tsaye.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta kwanta a zaure, ku ma ku je ku kwanta.