Kadarkon Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ke Kande, ajiye gyaɗar nan in kina son ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani ƙauyen dabbobi ne da rafi ya raba biyu. Kasuwa da rijiya da fadar dagaci duk suna wannan tsallaken. A wancan tsallaken kuwa gida ɗaya ne tal, na Iya Bushiya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun bazu cikin duniya, daga ita sai tukunyarta. Abin da ke haɗa ta da jama'a wani kadarko ne na itacen giginya, shi ma ambaliyar bara ta yi gaba da shi. Da rani ba komai, sai ta tako yashi ta ƙetaro. Amma ta san in ruwa ya sauka rafi zai cika, ita kuwa ba ta iya iyo ba.

To, garin na da rumbu guda na kowa da kowa. In an yi girbi kowane gida ya kawo dami, har ita. Ran kasuwa da la'asar majalisa kan zauna gindin tsamiya, Bauna dagaci a tsakiya, a yanke abin da za a yi da hatsin, ko yashe rijiya, ko gyaran danga, ko abincin baƙi. Ma'ajin rumbu wa kuke tsammani? Gizo mana. Kuma suna da wata al'ada: ba a karɓar maganar kowa sai wani ya ce, "Na dafa." Wanda ya dafa kuwa, shi zai fara sa kafaɗa ran aikin.

Ran kasuwa Iya Bushiya ta zo ta raɓa bakin tabarma. Na kusa da ita suka ɗan muskuta, saboda ƙayar jikinta. Ta saba. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kadarkona ne. A taimaka kafin damina."

Bauna ya ce, "Kun ji. Wa ya dafa?"

Tsit. Kowa ya tuna nauyin giginya, ya tuna ba shi da gona a wancan tsallaken.

Sai Gizo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, dubi tabarmar nan. Majalisa guda a kan tsumma? A sayo sababbi."

Matarsa Ƙoƙi ta yi caraf ta ce, "Na dafa." Ina wuyar ɗaukar tabarma? Aka buɗe rumbu, rabin abin da aka ɗiba ya bi ta gidan Gizo.

Kasuwa ta zagayo, Iya Bushiya ta dawo. Duk hanya tana maimaita maganarta don kada ta yi tuntuɓe da ita, don ta kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gabas ta fara baƙi."

"Wa ya dafa?"

Zomo ya hau sosa kunne. Akuya ta hau tuƙa. Gizo ya ce, "Tsamiyar nan na zubo mana ganye a ka. A kafa rumfa." Ƙoƙi ta dafa, aka kafa.

Karo na uku an riga an yi yayyafin fari, yashin rafi ya jiƙe. Da Bauna ya tambaya aka yi shiru, sai tsohuwa ta dubi fuskokinsu ɗai-ɗai, waɗanda ta yi wa wankan jego da waɗanda ta goya. Ta ce a hankali, "To, ni na dafa wa kaina."

Aka kwashe da dariya. Bauna ya ce, "Iya, ba a yin haka. Ki yi haƙuri sai zama na gaba." Ran nan ganga aka saya, wai ta kiran taro.

Ni dai wannan dariyar ce ke ƙona mini rai har yau.

Ba ta kai ga zama na gaba ba. Ruwa ya kece, rafi ya cika ya batse. Da safe takan fito bakin ruwa ta hangi mata na tafiya rijiya, ta ɗaga murya ta ce, "Ina kwananku?" Ƙugin ruwa ya haɗiye. Ran kasuwa takan ji ganga, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zauna kan dutse har a tashi taro, sannan ta koma ta kwance shi ta ninke. Ta dama kunu ta zuba a ƙwarya biyu, sai ta tuna, ta juye a ɗaya. Kewa ta ci ta, kewa irin wadda ke hana abinci wucewa. Da zazzaɓi ya zo, ba wanda zai miƙo mata ko ruwan sha.

Hankaka ne ya lura hayaƙi ya daina tashi a can. Ya je ya leƙa, ya dawo ya faɗi gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, Iya ta cika."

Maƙabarta na wannan tsallaken. Bauna ya ce, "In aka ji mun bar gawa a ɗaki, da wane ido za mu dubi ƙauyukan maƙwabta?"

Gizo, da ya hango gumbar sadaka, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi kadarko."

"Na dafa," in ji Zomo. "Na dafa," in ji Akuya. Har rige-rige ake.

Suka saro giginya, suka sa kafaɗa gaba ɗaya. Ashe ba ta da wani nauyin kirki. Kafin azahar kadarko ya tsaya, sumul, ya fi na da kyau. Iya Bushiya ta haye shi sau ɗaya, a kan makara.

To, kun ji. In ana shawarar dukiyar jama'a, a fara duba wanda ba shi da kowa a bayansa, a biya masa bukatarsa yana da rai. In kun ji ya yi magana an yi shiru, ku ku buɗe baki.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan kusu.